Neman Fitilar Ƙararrawa a Kafanchan

Gari bai gama wayewa ba muka tsaya a bakin titin Kwoi, ni da mijin ƙanwata, malamin kimiyya a sakandare, muna jiran motar Kafanchan. A hannuna akwai leda cike da garin katako. Ya ce in riƙe ta a ƙasa, kada fasinjoji su ɗauka guzurina ke nan.

Ni kafinta ne, shagona na manne da gidana. Bara na sa injin zuƙar ƙura, mai tara garin katako a cikin duro. Duron a rufe yake, ba ka ganin cikarsa. Ranar Talata ya cika har ya toshe bututu, injin ya ɗau zafi, sai ƙauri muka ji. Da muka buɗe, garin da ke sama ya fara baƙi. Bango ɗaya ne tsakanin wurin da ɗakin da 'ya'yana ke kwana. Malam ya zana dabara a takarda: a huda duron gefe da gefe, fitila a nan, a can ɗan ƙaramin ido mai jin haske. In gari ya taru ya tare hasken, ƙararrawa ta kaɗa. Ido da ƙararrawa yana da su. Fitilar ce muka kasa daidaitawa a kai.

Kafin in fito na gaya wa dattijon da muke aiki tare, wanda muke kira Baba, kada ya tada injin sai na dawo. Ya ci gaba da aikinsa. Bencinan coci muke yi, ana jiransu ranar Lahadi, shi kuma dattijon ikilisiya ne.

Hanya ta sha ruwan ƙarshen damina. Direba na kauce wa rami yana faɗawa wani. Gonakin citta sun fara ja, mata na tafe da kwanduna a ka. A shinge na biyu wani jami'i ya sa hannu cikin ledata, ya sunsuna, ya daɗe yana kallona kafin ya ce mu wuce.

A Kafanchan mai keke napep ya ninka mana kuɗi, wai mai ya hau. Muka sha kunu da ƙosai a tsaye, sannan muka shiga layin masu kayan lantarki. Shago uku, kowa na tura mana abin da ya fi tsada. A na huɗu aka nuna mana wata rumfa kusa da layin dogo, ta wani tsoho mai gyaran rediyo, wanda ya yi ritaya daga aikin fitilun jirgin ƙasa.

Ya saurare mu har ƙarshe, ya jona idon da ƙararrawar da muka zo da su a kan teburinsa. Ya kunna ƙwan lantarki irin na da, ya ce in riƙe. Ban kai ƙirga goma ba na saki don zafi.

"Wannan za ka sa cikin garin katako?" in ji shi.

Shi Malam fitilar leza yake so, mai jan ɗigon nan. Tsohon ya saita ta a kan idon, ya buga teburin da hannu sau ɗaya. Ɗigon ya goce, ƙararrawa ta kama ihu. Ya ce injin da ke girgiza yini guda haka zai yi ta yi, har mu gaji mu cire wayar.

A nan wayata ta yi ƙara. Matata ce.

"Maigida, Baba ya tada injin. Na yi magana, ya ce aikin Ubangiji ba ya jira. Ina jin kamar..."

Layin ya yanke. Na kira sau biyar, ba ta shiga.

Tsohon ya kalli fuskata, ya hanzarta. Ya ture wata fitila irin ta rimot ɗin talabijin gefe, ya ce haskenta ba a gani da ido, ba za mu san ranar da ta mutu ba. Ya ciro ƙaramin ƙwan tocila na zamani, wanda ba ya zafi, ya watsa garin ledata a iska tsakaninsa da idon. Shiru. Ya tula garin ya rufe hasken, ƙararrawa ta kaɗa. Ya share garin, ya cire wayar fitilar, ƙararrawa ta sake kaɗawa.

"Haka muke yi a reluwe, ɗana. In fitila ta mutu, jirgi tsayawa yake. Tafi gida."

Ban san yadda hanyar dawowa ta kasance ba. Idona na kan sama wajen Kwoi, kowane hayaƙin gona sai in ɗauka shagona ne. Malam na addu'a a hankali. Daga tasha muka hau babur.

Shagon na nan. Matata na zaune a bakin ƙofa da makullin janareto a ƙulle a bakin zanenta, dattijon na gefe yana goge benci da hannu. Ashe ita ta kashe janareton da ke ba injin wuta. Na buɗe duron. Saura yatsa uku ya cika.

Kafin yamma muka huda, muka ɗaura. Dattijon da kansa ya zuba gari har ƙararrawa ta kaɗa, yara suka fito da gudu.

Abin da na koya a tafiyar nan: na je neman fitilar da ta fi haske, na dawo da wadda in ta lalace za ta faɗa mini. Makullin janareto kuwa har yau yana wurin matata, ban kuma roƙa ba.