Baba A-Hankali da 'Yar Wuƙar Aljihunsa

Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar makarantarmu, Baba A-Hankali ya riga ya zagaye bas ɗinsa. Zai dudduba tayoyi, ya leƙa ruwa da baƙin mai, ya goge gilashin gaba, sannan ya bi kujeru yana tsintar abin da yara suka bari jiya: murfin gora, safa ƙafa ɗaya, gutsuren biskit. Idan ya gama sai ya shafa aljihunsa na dama. Sai ya ji tana nan yake tayar da mota.

'Yar wuƙa ce mai naɗewa, ba ta fi tsawon yatsa ba idan an rufe ta, ƙotarta ta yi santsi saboda riƙo. Ni ce malamar da ke raka yara a bas, safe da rana, shekaru masu yawa. A ƙarshen wannan zangon Baba zai ajiye makulli, don idanunsa sun fara gajiya. Ban so ya tafi ba a faɗi ko wane ne shi ba.

Yara ne suka raɗa masa sunan. In za su hau, "A hankali." In za su sauka, "A hankali." Tuƙinsa ma haka yake. Wata rana suka ɗauki ihu, "Baba, mai keke ya wuce mu!"

"Ku gaishe shi," in ji shi. "Shi kansa kaɗai ya ɗauko, ni kuwa na ɗauko ku."

Ran da na fara ganin wuƙar na ce, "Baba, wuƙa a motar yara?"

Ya ce, "Malama, ba ta fitowa sai da aiki, kuma ba ta zuwa hannun kowa. In ta gama ta koma gidanta."

Haka kuwa na gani. Da ita yake feƙe wa mai kuka fensir ranar jarrabawa. Da ita ya warware zaren da wata 'yar aji ɗaya ta nannaɗe a yatsa har yatsan ya kumbura ya yi baƙi, yana ba ta labarin wata akuya mai rowa don kada ta kalli hannun. Da tsininta ya sha ɗaure mini ƙusar tabarau. Ran da bas ta mutu mana a tsakiyar hanya, rana ta take, yara sun fara kuka, kan batir ya kankare da ita muka tashi. Wata rana kuma tiyon ruwa ya tsage daga baki, ya jira inji ya huce, ya datse wurin ya mayar, muka isa kafin a buga ƙararrawa. Sau nawa manyan 'yan aji shida suka roƙe shi su ɗan riƙe ta? Amsarsa ɗaya ce: "Kawo aikin in yi maka."

Akwai abin da na gani wanda ya sa na ƙara girmama shi. Wani direban babbar mota ya goge mana madubi, maimakon ya ba da haƙuri sai ya sauko yana zagi, har da iyaye, a gaban yara. Na ga jijiyar wuyan Baba ta tashi. Ya sa hannu a aljihu, gabana ya faɗi. Sai ya miƙo mini wuƙar a rufe.

"Riƙe mini wannan, Malama. Raina ya ɓaci."

Ya sauka hannu biyu ba komai, suka yi maganarsu, ya dawo. Bai karɓe ta ba sai da muka sauke yaro na ƙarshe.

Amma ranar da duk wanda ya gani ba zai manta ba, wata safiya ce a kusa da shataletale. Wani magidanci ya goyo matarsa a babur, suna gabanmu kaɗan. Gefen mayafinta ya sauka, tayar baya ta kama shi. Kafin mijin ya ankara, mayafin ya fizgo ta ta baya, ta faɗo ƙasa, babur ya kwanta. Mayafin ya zagaye wuyanta ya shaƙe, ɗayan gefen ya nannaɗe a cikin taya. Ga ta da tsohon ciki.

Mutane suka taru. Mijin, gwiwarsa na jini, ya kama mayafin yana ja, yana kiran sunanta, ja ɗin kuwa ƙara shaƙe ta yake yi. Wani ya ce a juya tayar baya, wani ya ce a ɗaga babur. Wasu sun ɗaga waya suna ɗauka. Ita ko ihu ta kasa, ƙafafunta kawai ke shure-shure.

Baba ya gangara gefe, ya ja birkin hannu, ya zare makulli. "Malama, rufe ƙofa. Kada yaro ko ɗaya ya sauko."

Ban taɓa ganin yana gudu ba sai ranar. Ta taga nake kallo, ina tare idon na kusa da ni. Ya ture mutane ya durƙusa, ya ce wa mijin, "Sake, ɗana! Riƙe kanta kawai." Ya fara yanke mayafin tsakaninta da taya. Da ya ga ƙullin wuyan bai saki ba, sai ya cusa yatsunsa biyu tsakanin ƙyallen da fatarta, ya zura wuƙar a kan yatsun, kaifin na kallon sama, ya ja. Ƙyallen ya rabu. Matar ta ja wani numfashi mai ƙara, har cikin bas muka ji shi, sannan tari ya biyo baya.

Ya tsayar da wata mota aka sa su zuwa asibiti. Ya dawo ya zauna, yatsansa na ɗiga jini, don wuƙar ta ɗan taɓa shi. Na ɗaure masa da hankicina. Bai tayar da mota nan take ba. Ya juyo ya dubi yaran da suka yi tsit.

"To, wa bai yi aikin gida ba? Yanzu ya samu lokaci."

Suka fashe da dariya, wasu da hawaye a fuska.

Bayan ta haihu, matar da mijinta suka nemo makarantar da launin bas ɗinmu. Ta durƙusa tana godiya, Baba duk ya rasa inda zai sa kansa. Da ta ga ya takura sai ta ce, "Amma fa Baba, mayafin nan sabo ne, ranar na fara sa shi." Ya ce, "Ai na lura, 'yata, ya yi taurin yankuwa." Jaririyar da ta zo da ita a goye yanzu ɗalibarmu ce. Kujerar bayan direba take zama, kuma Kaka take ce masa.

Baba, kai ne wanda iyaye ke miƙa wa 'ya'yansu su juya hankali kwance. Kai ne mai shiri tun kafin a nema, mai sanyin rai a wurin zafi. Ba ka da lambar yabo, hotonka bai taɓa hawa bangon ofis ba, amma akwai gidan da ake ambaton ka a addu'a kullum. Ka ɗauki kaifi a aljihu shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa jin tsoronka.

Ku da kuke karantawa, ba cewa nake kowa ya ɗauki wuƙa ya shiga gari ba. Akwai wuraren da aka hana, Baba ma a mota yake barin tasa in zai shiga. Wanda ya san ba ya iya riƙe fushinsa, ya bar ta a gida. Amma direba, da ɗan kasuwa, da uwar da ke fita da yara, ku ajiye ƙaramin abin da zai yanke igiya ko bel ɗin mota in ya maƙale, ku kiyaye shi daga hannun yara, ku koyi amfani da shi tun ba a shiga ruɗani ba. Kuma ran da wani ya faɗi a gabanku, ku mayar da waya aljihu ku durƙusa.

Mun gode, Baba, mu da yaranmu. Allah ya ba ka lafiyar ido da hutu mai daɗi, ya sa ran da kai ma za ka buƙaci hannu, ka sami irin naka a kusa.