Tsofaffin Tuktu Tara a Bakin Hanyar Zinariya

Yayana Avaala ba ya maimaita magana. Ba girman kai ba ne, haka aka rene mu. A wurinmu, mu Inuit, mutanen ƙasar ƙanƙara ta can ƙuryar arewacin duniya, in ka gaya wa babban mutum abu sau ɗaya, to ya ji. In ka sake faɗa, ka mai da shi yaro ko kurma. Ni dai ban gaji wannan halin ba, bakina ba ya hutawa, har mahaifiyarmu takan ce da aka zo rabon magana ni na kwashe kason mutum biyu.

A tanti aka haife shi, a bakin mashigin kogin da tuktu ke ƙetarawa duk kaka. Waɗannan manyan bareyi masu rassan ƙaho su ne namanmu, su ne rigar sanyinmu, har zaren ɗinki daga jijiyarsu muke cirowa. Kafin babanmu ya koya wa Avaala harbi, sai da ya koya masa cewa na gaba ba a taɓa su. Garke na dubbai yana da jagorori, 'yan tsofaffin matan tuktu da ba su cika kai goma ba, masu riga saura zuwa da kwana biyu ko uku. Ba a harbinsu, ba a hura wuta kusa da su, karnuka ma nesa ake kai su. In suka wuce lafiya, saura sai sun bi sawunsu ko me za ka yi. In suka juya, garken duka ya juya. Ina tuna shekarar da muka kwana uku muna tsotsar ƙashin kifi, ga nama yana wucewa a gaban tantinmu, ina kuka, Avaala yana toshe mini baki da safar hannunsa.

Da gwamnati ta tattaro mu cikin gari, Avaala ya yi shekara ashirin da biyu yana tuƙa tankar ruwa gida-gida. Duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa jin ya danna ham. Ya auri Ikuutak, suka haifi biyar, ya binne biyu. Kowace kaka kuma yakan ɗauki hutu ya koma mashigin nan, ya dawo da naman da zai kai rabin unguwa ƙarshen hunturu.

Sai kamfanin zinariya ya zo. Suka haƙa raminsu can arewa, suka shimfiɗa hanyar tsakuwa ta kilomita ɗari da 'yan kai, ta yanke hanyar tuktu gida biyu. An yi taro, an sa hannu a takarda, an ɗauki hotuna kowa yana yaƙe. Takardar ta ce za a ɗauki ɗan gari ya riƙa duba dabbobi, in ya ga hamsin ko fiye kusa da hanya a tsai da motoci. Dattawa ba su yi dogon tunani ba suka ba da sunan Avaala. Aka ba shi mota, da madubin hangen nesa, da oba-oba. Ni kuma na sami aikin wanke-wanke a kicin ɗin ma'aikata, inda nake zubar da abincin da zai ciyar da gida goma kullum, har na daina jin komai.

A kicin ɗin akwai oba-oba a kan kanta, don mu san lokacin da motar kayan abinci za ta iso. Ta nan na ji abin da ya faru, da hantsi, hannuna cikin ruwan kumfa.

"Gaetan," in ji muryar yayana, a hankali kamar mai tambayar hanya. "Na gaba sun iso. A rufe hanya."

Gaetan shi ne mai kula da zirga-zirgar motoci, mutumin kudu, mai fara'a, ba mugu ba ne. Wannan ma yana cikin abin da ke ƙona mini rai.

"Sannu da aiki, dattijo! Su nawa ne?"

"Tara."

"Tara? Haba, abokina, tara ai ko miya ba su isa ba. Takarda hamsin ta ce. Ina da tankokin mai goma sha huɗu a hanya, bari su wuce tukuna mu gani. Ya yi?"

Avaala bai ce komai ba. Ni na san ma'anar shirun nan: na riga na gaya maka, kai ba yaro ba ne. Gaetan kuwa ya ɗauka an yarda. Na tsaya da faranti a hannu, ga oba-oba taku uku daga inda nake. Ni mai bakin mutum biyu, ban ɗauke ta na sa baki ba. Na ce ai ba hurumina ba ne, na ci gaba da wanke-wanke, kuma har yau in na tuna sai in ji ƙyamar kaina.

Tankokin suka wuce ɗaya bayan ɗaya da ƙararsu da ƙurarsu. Avaala ya ce tsohuwar da ke gaba ta riga ta ɗora ƙafa a kan tsakuwa. Ta tsaya, ta ɗaga hanci, ta juya gabas, takwas ɗin suka bi ta. Kwana uku bayan haka wani matuƙin jirgin sama ya hango garken can nesa, inda ba mai iya kaiwa sai mai jirgi.

Hunturun nan mun ci kajin kanti masu ɗanɗanon kwali. Tsofaffi suka rame. Mutanen garinmu kuwa, da ma sun iya, ba wanda ya ce wa Avaala uffan, sai dai suka daina shiga gidansa shan shayi. Waɗanda 'ya'yansu ke tuƙa tankokin ne ma suka fi kowa ɗaure fuska. Ikuutak ce kawai ta yi magana, ita ma da ni ta yi.

"Nanauk, yayanki ba ya cin abinci. Sai ya zauna yana kallon bindigarsa kamar baƙuwa."

Kamfani ya kira taro a zauren gari, da lemo da biskit. Gaetan ya miƙe, idonsa har da ƙwalla, ya ce ai akwai wani layi a takardar da ya ba mai duba dabbobi ikon rufe hanya ko guda ɗaya ya gani, in dai ya dage. "Da ya sake faɗa mini ko sau ɗaya, na rantse da na rufe." Kuma gaskiya yake faɗa, abin takaicin ke nan. Shekara shida yana cin abinci tebur ɗaya da mu, bai taɓa lura da yadda muke magana ba. Daga nan suka ba Avaala sabuwar rigar sanyi mai tambarin kamfani, wai don haƙurinsa da haɗin kai. Aka tafa, har da ni.

A hanyar gida na tare shi. "Yaya, mutanen nan sai an yi musu ihu. In ba ka iya ba, zo in koya maka, kyauta."

"Na ji," in ji shi.

Da kaka ta zagayo, tun bai ga komai ba, lissafin kwanaki kawai ya yi, sai ga muryarsa ta cika kicin. "A rufe hanya! Gaetan, na ce a rufe! Kana jina? A rufe!" Masu dafa abinci suka kwashe da dariya, ɗaya ya ce yau dattijo ya sha kofi da yawa. Ni kuwa ban yi dariya ba. Mutum mai shekara sittin da uku yana ihu kamar ɗan tasha, don a ɗauke shi da muhimmanci.

Aka rufe. Tankoki suka yi layi, manya suna ta bugo waya daga kudu, Gaetan ya tsaya a kan alkawarinsa. Kullum Avaala yana kan tudun da ke kallon mashigi. Ran kwana na takwas na bi motar masu gadi na kai masa shayi da busasshen kifi. Ƙasa shimfiɗe har iyakar gani, ba abin da ke motsi sai hankaka guda.

"Kin ji ni ran nan?" ya tambaye ni.

"Har 'yan cikin rami sun ji ka, Yaya."

Ya gyaɗa kai, ya mai da madubin hangen nesa kan idonsa. Bai taɓa kifin ba.

Ran kwana na goma sha ɗaya ƙanƙara ta fara kama bakin ruwa, kuma duk wanda aka haifa a nan ya san lokacin zuwan tuktu ya wuce, ga shi ko guda ba ta biyo ba. Ina goge tukunya na ji oba-oba ta yi ƙara, sannan tsohuwar muryarsa, can ƙasa-ƙasa.

"Gaetan. A buɗe hanya."

Wannan kam ba ta buƙaci dagewa ba. Kafin in ajiye tukunyar, na ji tankokin sun tashi.