Faifan da Na Ce Ya Mutu

Kakata, wadda ta haifi uwata, zabiya ce. Yau ina rubuta wannan kalma ba tare da jin kunya ba, amma na yi shekara da shekaru ban iya furta ta a gaban mutane ba.

A Birnin Lalle aka haife ta, tun Nasara ba su shigo ƙasarmu ba, kuma a wancan zamanin ta yi tashenta. Tana budurwa take bin kasuwanni da ƙwaryar kiɗanta da ƴan amshi biyu, yau Kornaka, gobe wani ƙauye, duk inda aka share dandali bayan girbi. Ba ta yi wa sarakuna waƙa ba. Ita tata ta ba'a ce: marowacin da ke tura akushi bayan ƙofa in ya ji sallama, dillalin da ya sayar da gurgun raƙumi har da rantsuwa. Tsofaffi sun ce in ta ɗaga murya, mai awon gero sai ya bar mudu a hannu ya buɗe baki.

Sai da ta manyanta wani Bature ya sauka Maradi da akwati mai ƙaho, yana ɗaukar muryoyin mawaƙa. Aka aiko aka tafi da ita. Ta ce an tsayar da ita gaban ƙahon, aka ce kada ta motsa, ita da ba ta taɓa waƙa ƙafarta a wuri ɗaya ba. Bayan damina biyu wani falke da ya dawo daga Kano ya kawo mata faifai guda, baƙi wuluk, yana sheƙi. To, duk yankinmu babu mai garmahon da za a ɗora shi a kai. Ta naɗe shi a tsohon zane ta sa a ƙasan adudunta. Ya fi shekara ashirin a can, ba ta taɓa jin abin da ke cikinsa ba.

Ni kuwa aka sa ni lakkwal, wato makarantar boko, na yi karatu, aka turo ni Dakoro koyarwa. Yara na ce mini mushe, wato malam a bakin ƴan lakkwal, ina tafiya ina ɗaga kafaɗa. Da abokan aiki suka tambayi asalina, na ce gidanmu gidan malamai ne. Na san kallon da ake yi wa jikan maroƙa: a yi dariya da kai, a ba ka kyauta, amma ba a tashi a ba ka tabarma.

Darektan lakkwal ɗinmu yana da garmaho, wanda ake murɗawa da hannu. Yana ji da shi ƙwarai, ba ya barin kowa ya ɗauka. In ana son a ji, shi da kansa zai kawo, ya tara jama'a. Labari ba ya ɓuya, ya kai kunnen Kaka. Da na je gida hutu ta kira ni ɗakinta, ta ciro ƙunshin.

"Maigida," haka take ce mini don wasan jika, "an ce mai gidanku na da abin nan da ka sa faifai magana. Tahi da wanga. In shi yarda shi taho da shi nan, in ba shi iyawa, a aza ni bisa jaki in taho. So nike in ji kaina sau guda kahin in mutu."

Na karɓa da hannu biyu, na ce in Allah ya so. Amma tun a hanya na hango abin da ke jirana. Ko darekta ya je, ko ita ta zo, asirina ya tonu.

Wata Alhamis da babu karatu, darekta ya tafi Maradi ya bar mini makullin ofis. Da hantsi na shiga, na rufe tagogi, na murɗa garmahon, na cusa hulata a inda sauti ke fita don kada a ji daga waje. Allura ta yi ta ƙarce-ƙarce, sai ƙwarya ta fara, sai murya ta fito. Wallahi ban san tsohuwar da ke tauna goro da dasashi ta taɓa mallakar irin wannan murya ba. Siririya, mai kaifi, dariya na gudana a ƙarƙashinta. Waƙar wani ɗan kokawa ce mai cika baki da aka kayar. Na yi dariya ni kaɗai, na yi hawaye, na maimaita har sau huɗu. Sa'an nan na naɗe faifan na tura ƙarƙashin gadona, kamar kayan sata.

Na yi wata biyu ban je gida ba. Da na je, tana zaune a inuwar rumbu, ta ɗaura zanenta na fita don an ce mata ina tafe. Idonta ya wuce ni, yana neman abin da na zo da shi.

"Kaka, an gwada," na ce, ina kallon ƙasa. "Faifan ya mutu. Zafi ya lalata shi. Ba ya cewa komai."

Na jira kuka ko faɗa, ban samu ko ɗaya ba.

"To, Allah ya yi," ta ce. "Kai nike tausai, maigida, ba ka taɓa ji ba. Zamna in yi maka abin da na zuba ciki."

Ta jawo ƙwarya ta kifa, ta fara bugawa da ƴan yatsu. Muryar ta dushe, tana tsinkewa, numfashi ba ya kai ta ƙarshen baiti. Tun da aka haife ni ba ta taɓa yin wannan waƙa a gabana ba, don ta bar waƙa ina goye.

"Ƙato na Kornaka, ka ce ƙasa ba ta san bayanka ba,
Yau ga ta, ta gaishe ka..."

Sai ta tsaya. Ta sake komawa farko, ta zo daidai wurin, ta sake tsayawa. Leɓenta na motsi, hannunta na lalube a iska. Na ga tsoro a fuskarta, na wanda ya nemi abinsa a inda ya ajiye bai gani ba. Ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba.

"Tashi ka kakkaɓe, surukarka na kallo."

Yatsunta suka tsaya a kan ƙwaryar. Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na jira ta kira ni maƙaryaci, da ta yi haka da na ji sauƙi.

"Ashe ya yi magana," ta ce a hankali. "Hwaɗa mini gaskiya, ɗan nan. Muryar da daɗi?"

"Da daɗi, Kaka. Ban taɓa jin irinta ba."

"Har ka yi dariya?"

"Na yi."

Ta gyaɗa kai, ta ture ƙwaryar gefe. Ba ta tambaye ni dalili ba, ba ta kuma sake tayar da zancen ba. Ni ma na samu hanya a buɗe, na yi ta cewa hutu mai zuwa zan roƙi darekta, in an sha ruwa, in an gama noma. Ba a kai ga yanke gero ba aka aiko mini ta rasu. Ta tafi ba ta ji ba, ni da na ji sau huɗu.