Na kai wa Tafinta fim har Illela

Da asuba muka bar Dogarawa, mu tara cikin motar mutum biyar, ga akuya a baya tana ta kawo ƙara. Kowa da sabgarsa. Ni fim ne a wayata nake kai wa wani dattijo.

Lokacin da nake lakwal, wato makarantar boko, a Konni akwai wani gidan kallo da ake nuna mana wani shiri na Turawa duk mako: an tsinci gawar wata budurwa, gari duka ana neman wanda ya kashe ta. Ba ma jin Faransancinsu sosai, sai wani mutum da muke kira Tafinta ya tsaya gefen talabijin yana juya mana da Hausa, har muryar mata yake yi. Bana na samu fim ɗin da ya nuna kwanakinta na ƙarshe kafin a kashe ta. Na kasa kallonsa ni kaɗai. Abokan kallona kuwa, wasu suna Libiya, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Tafinta kaɗai ya rage, aka ce ya koma garinsu, Illela.

A Malbaza jandarma ya daɗe yana duba akuyar fiye da mu. A Tsarnawa muka sauya mota, na sha kunu da ƙosai a tsakiyar buhunan albasa, ƙosan ya ƙanƙance kamar yana jin kunya. Daga nan muka miƙi arewa, gero ya yi kai dama da hagu. Kowa ya yi barci ya bar ni da direba, shi ma ba mai magana ba ne.

Bayan azahar na sami Tafinta a zaure shi kaɗai. Na yi sallama, ya juyo da fuskarsa wajen bango. Ashe idanun sun tafi, ba wanda ya gaya mini. Na rasa yadda zan ce fim na kawo.

Da na faɗa, dariya ya yi. "To mi kake jira? Kunna. Yau kai at tafinta."

Haka na zauna ina ba shi labari. Yarinyar tana yawo cikin gari a firgice, tana ce wa mutane wani abu na bin ta har ɗakinta, kowa ya yi mata murmushi ya wuce. Ba jini ya tsorata ni ba, wannan murmushin ne.

Da aka zo inda ta ɗauki mayafinta za ta fita, ya laluba ya riƙe hannuna. "Kashe abinga, ɗana. Mun san abin da ka jiran ta waje. Bar ta nan da ranta."

Na kashe. Muka yi ta hira har la'asar ta wuce, ya ce rabon da wani ya zauna da shi haka tun bara.

Washegari na dawo gida, hanya ba matsala. Na tafi neman wanda zai taya ni kallo, na tarar shi ya fi ni buƙatar wanda zai zauna kusa da shi. Har yau ban ƙarasa fim ɗin ba, kuma na riga na gaya wa direba ya riƙe mini wuri ranar kasuwar Illela.