Ƙwallon da Lafiyarta Ƙalau

Muryarsa na fara sani, tun ina yaro a Zariya, yana karanta labarai a rediyon mahaifina. Sai da na zo Amurka na kama aikin harhaɗa magunguna sannan na ga mai muryar a masallaci, wani dogon mutumin Damagaram da ya ba ni shekara ashirin. Yaya nake ce masa. Shi ya koya mini bolin, wasan nan da ake gangara ƙwallo mai nauyi a kan dogon layin katako don ta kayar da sanduna goma da muke kira kwalabe.

Kowace Asabar bayan azahar muna wani gidan wasa a Hyattsville. Baƙar ƙwallo gare shi, mai ramukan yatsu uku da aka huda daidai hannunsa. Ba ta gaggawa. Takan bi gefen dama tana zamewa a kan man da ake shafa wa layin, har ka ce kwata za ta faɗa, sai dab da ƙarshe ta karyo hagu ta watsa kwalaben. Ya juyo yana gyara hula ya ce, "Ɗan Nijeriya, ka gani? Ku komai sai garaje."

Bayan ya yi ritaya ne Baƙa ta daina karyowa. Sai ta tafi samɓal, ta kwashi uku ko huɗu, wani lokaci ta zarce kwata. Ya ce ta sha mai ta ƙoshi, ya jiƙa ta a ruwan ɗumi da sabulu. Ya ce mai gidan wasan ne ya canza mai. Ni kuwa tuni na ga abin da na gani. In ya zauna, babban yatsansa na dama yakan yi ta motsi kamar mai jan carbi, alhali babu carbi a hannun. Na san wannan karkarwar, kullum ina miƙa wa tsofaffi maganinta. Amma da wane baki zan dubi mutumin da nake durƙusa wa in ce jikinka ne? Na yi masa kara. Yau na san har da tsoro a ciki.

Wata Asabar ya zo da jaka biyu. Ya sayo sabuwa, ja, wadda aka ce tana kama katako da wuri.

"Bon, ƙanena, zauna nan baya. In jefa wannan, in jefa waccan, ka gaya mini inda kowace ke karyowa. Ban da son kai," in ji shi, da "bon" ɗin nan nasa na Faransanci.

Ya jefa Baƙa sau biyar, Ja sau biyar. Ya kamata Ja ta fara lanƙwasa tun tsakiyar layi, Baƙa sai can ƙarshe. Duk biyun hanya ɗaya suka bi, miƙe, kamar an ɗaura musu zare. Yatsun da ke murza ƙwallo lokacin sakinta ne suka daina murzawa.

"Yaya ka gani?"

Na ce, "Kamar dai Ja ta fi, Yaya."

Ya yi murmushi, ya ɗauko Baƙa ya ɗora mini a hannu. "To jefa matacciyar nan, ka shaida da kanka."

Shekara takwas bai taɓa barin kowa ya sa yatsa a cikinta ba. Ramukan sun yi mini ɗan yawa. Wallahi da na tashi, niyyata in sake ta sakaka ta faɗa kwata, in ce lallai ta mutu, mu tafi gida. Amma taku huɗun da ya koya mini suna cikin ƙafata, kuma akwai wani banzan girman kai da ya daɗe yana son ya ji Baƙa a hannunsa. Na murza ta.

Ta bi gefen dama. Ta zame, ta zame, sannan ta karyo hagu kamar yadda ta saba. Duka goma suka zube. Wasu Turawa a layin kusa har da tafi.

Na kasa juyowa. Da na juyo, yana zaune ya danne hannun dama da na hagu a kan cinyarsa. Bai dube ni ba, injin da ke dawo da ƙwallo yake kallo, har Baƙa ta fito ta tsaya kusa da Ja.

"Ashe lahiyarta lau," ya ce.

Ban taɓa jin muryar nan ta yi ƙasa haka ba. Na ce sa'a ce kawai, ya ɗaga mini hannu alamar in bari. Ya sunkuya zai kwance igiyar takalmin wasa, ta ƙi kwantuwa. Na durƙusa na kwance masa, bai hana ni ba.

Ni na ɗauki jakunkunan biyu zuwa mota. Da na buɗe but ɗin motarsa sai ya ce a'a, in sa a nawa. Ranar Litinin na raka shi wajen likita, ko lokotoro kamar yadda yake cewa, aka gaya masa abin da na sani tun bara.

Har yanzu ina zuwa gaishe shi a Fort Washington. In na ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Wani lokaci yakan tambaye ni, "Baƙa tana karyowa?" In ce masa tana karyowa, Yaya. Tana gareji cikin jakarta, ban sake sa yatsa a cikinta ba.