Kusurwar da Hajiya ta ce in bari

A lokacin da wannan abu ya faru ni saurayi ne mai ji da kansa, ban daɗe da dawowa Matameye ba daga wani horo da na yi a Damagaram. Wani furoje ne, wato shirin raya karkara, ya ɗebe mu ya koya mana tsara lambu a cikin gida yadda babu abin da zai tafi a banza: ruwan indararo ya shiga tanki, ruwan wanka ya shayar da ayaba, kashin kaji ya zama taki, ganyen da ya kaɗe ya rufe ƙasa don kada rana ta shanye danshi. Ilimi ne mai kyau, har yau da shi nake ciyar da iyalina, ba shi na zo zargi ba. Ni ne dai ya shige wa kai. Na zama idan na shiga gidan mutum ba na ganin masu gidan, sai gangaren ƙasa da inda inuwa ke faɗawa. Ko gaisuwa nake yi idona na kan magudanar ruwa. Abokaina har tsokanata suke yi, wai ranar da zan je zance sai na fara auna tsakar gidan su yarinyar kafin in tambayi lafiyarta.

Aikina na farko mai girma wani Alhaji ne ya ba ni, ɗan garinmu da ke aiki a Yamai. Ya kira ni ta waya ya ce mahaifiyarsa na fama da hawan jini, likita ya ce ta yawaita cin ganye, shi kuma yana so a mayar mata da tsakar gidanta lambu yadda za ta miƙa hannu ta tsinki abin miya. Ya ce in yi duk yadda na ga ya dace, ya ba ni wuƙa da nama. Gidan tsoho ne, a cikin tsohuwar unguwa, an sake gina gabansa da siminti amma ɗakin Hajiya na ƙasa yana nan can ƙurya, don ta hana a taɓa shi. Da na ga faɗin filin sai zuciyata ta hau lissafi. Na ce wannan shi ne lambun da zan ɗauki hotonsa in nuna wa duniya.

Hajiya 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai ban dariya. Tun ranar farko ta mayar da ni jika, tana kirana angonta, tana cewa ita ba ta taɓa ganin angon da ke zuwa da igiyar awo maimakon cefane ba. Ni ma in ce mata amarya ta yi haƙuri, zogale da yakuwa na nan tafe. Kullum na je sai ta dama mini fura da hannunta. Na zagaya da ita ina nuna mata inda zan sa gwanda da lemun tsami, inda kabewa za ta hau rumfa, inda za a yi akurkin kaji, duk ta ce to, Allah ya sa albarka. Wuri ɗaya kawai ta ce in bari, wata kusurwa a bayan ɗakinta, jikin katangar gabas. Babu komai a wurin, ko ciyawa, sai yashi sharare tas. Na tambaye ta dalili, sai ta kawar da kai ta ce ba wurin haƙa ba ne, ta shiga tambayata ko furar ta yi tsami. Wata rana na sake tayar da maganar, sai ta ce ba komai ake faɗa ba, in dai bar mata nan, sauran gidan duk nawa ne.

Matsalar ita ce da na auna gangaren gidan da tiyo cike da ruwa, sai na tarar duk ƙasar can take gangarawa. A tsarina nan ne wurin ramin ayaba, inda ruwan wanka da na wanke-wanke za su riƙa zuba, ayaba ta kewaye ramin tana sha. Akwai wata hanyar, ba zan yi ƙarya ba. Ana iya fasa siminti a karkata ruwan zuwa yamma, a yi ciko da yashi. Sai dai aiki ne mai wahala, kuma zai ɓata mini zanen da nake alfahari da shi. Don haka na kira Alhaji, na kuma san yadda na jera masa maganar. Na ce masa Hajiya na tsoron wata kusurwa, da alama irin camfin mutanen da ne na iskoki. Ya yi dariya ya ce shi a gidan aka haife shi bai taɓa jin komai game da wurin ba, halin tsufa ne, in yi aikina, idan ta ga ayaba ta yi 'ya'ya za ta manta. Abin da nake so in ji ke nan, kuma ni na sa masa shi a baki.

Na jira har Hajiya ta tafi suna garin Ɗan Barto, inda za ta yi 'yan kwanaki. Da safe na tura leburorina ɗauko taki a amalanke, ni kuma na ɗauki shebur na fara haƙa da kaina. Yashin da laushi, aikin na tafiya, har ina 'yar waƙa. Ramin ya ɗan wuce gwiwata sai shebur ɗin ya daki wani abu. Na durƙusa na share da hannu, sai ga ɓarayen tukunyar ƙasa an jera su gefe da gefe, an liƙe tsakaninsu da laka. Duk wanda ya taɓa raka gawa maƙabarta ya san wannan jeri. Tsawonsa gaba ɗaya bai fi kamu ɗaya ba. Na san abin da nake kallo, amma duk da haka na ɗaga guda ɗaya, kuma ba zan bayyana abin da na gani a ƙarƙashi ba.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya tare da ni, don duk abin da ya gabata ana iya kiransa wauta da girman kai, amma abin da ya biyo baya da sanina na yi shi. Ina durƙushe na jiyo ƙarar amalanke a ƙofar gida. Abin da ya fara zuwa raina ba Hajiya ba ce, ba kuma wanda ke kwance a wurin ba. Kaina na tuna. Na ga an ce ga yaron da ya tone kabari a gidan mutane, na ga aikina na farko ya zama na ƙarshe. Sai na jefa ɓarin tukunyar yadda ya faɗa, na tura yashi da ƙafata, da ƙafa wallahi, na danne. Na matsar da bakin ramin kaɗan, na cika shi da kara da busasshen ganye, na jona bututu. Kafin la'asar ruwan wanke-wanken yaran gidan ya fara sauka a wurin.

Ranar da Hajiya ta dawo ina gidan, na sa riga mai kyau ina jiran yabo, kamar ban san komai ba. Ta zagaya a hankali tana duba shuke-shuken. Da ta iso bayan ɗakinta ta tsaya. Ruwan sabulu na ɗiga daga bakin bututun, kumfa ta taru a kan karan. Ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta juyo ta ce mini sannu da aiki Malam, Allah ya biya, ta shige ɗaki ta saki labule. Daga ranar ba ta sake kirana ango ba.

Lambun kuwa ya yi kyau fiye da yadda na zana shi. Ayabar ta yi kore shar, na ɗauki hotuna, mutane suka fara nemana daga unguwa-unguwa. Duk wanda ya yaba ramin ayabar sai in yi murmushi in yi masa bayanin yadda ake yi. Na samu labari daga masu aikin gidan cewa Hajiya ba ta cin komai daga lambun, kuma ta daina wanka a makewayi. A cikin babban baho take yi a ɗakinta, sannan ta ɗebi ruwan a bokiti da kanta, tana hutawa a hanya, ta kai lungu ta zubar, don kada ya bi bututuna. Tsohuwa mai hawan jini. Suna ba ni labarin suna dariya wai rikicin tsufa ne, ni ma na taya su dariyar. Rufe bututun nan ba zai ɗauke ni tsawon shan shayi ba, amma rufe shi na nufin in faɗi dalili, sai na bar shi. Kafin damina ta ƙare Hajiya ta tattara kayanta ta koma wurin ƙanwarta a Icirnawa.

Abin da ya karya ni shi ne haihuwar matata, don na yi aure a cikin wannan tsakani. Ranar da ta sauka na ga mahaifiyata ta wanke mabiyiya, ta naɗe ta a tsumma mai tsabta, ta binne a bayan ɗaki da bisimilla, ta kuma gargaɗi kowa kada a kuskura a zubar da ruwan datti a wurin. Mabiyiya kawai, ba mutum ba. Na tsaya ina kallonta na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ranar kasuwa na shiga mota na nufi Icirnawa.

Ƙanwar Hajiya ce ta tare ni a zaure, kuma ita ta faɗa mini abin da yayarta ba za ta taɓa iya faɗa ba. Ɗan farin Hajiya ne ke kwance a wurin, namiji. Bai kai ranar suna ba ya koma, mijinta ya binne shi a bayan ɗaki kamar yadda ake yi wa jarirai a wancan zamani. Ta ce in tuna mace irin ta da ko ɗan farinta na raye ba ta kama sunansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, balle ta buɗe baki ta yi wa sa'an jikanta bayanin wanda ya mutu. Ko Alhaji bai san yana da wa ba. Duk waɗanda suka sani sun rasu, saura su biyu. Ta ce saboda wannan kusurwa ce Hajiya ta yi shekara da shekaru tana ƙin komawa Yamai wurin ɗanta, tana cewa ita ba ta son hayaniyar birni. Ni Bahaushe ne, a cikin wannan kunya aka rene ni, tawa uwar ma ba ta kama sunan babban yayanmu. Ba baƙo ba ne ni da zan ce ban gane shirun tsohuwa ba.

Na shiga na durƙusa gaban Hajiya na faɗa mata komai, har da ƙafar. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ta saurare ni tana jan carbi ba ta katse ni ba. Da na gama tambaya ɗaya ta yi mini, murya ƙasa-ƙasa, ba ta kalle ni ba. Ta ce ko na mayar da shi yadda na same shi, fuskarsa na duban alƙibla. Na sunkuyar da kai, ita kuma ta gane. Sai ta ce in tashi, ta yafe mini duniya da lahira, laifin nata ne, da bakinta ta bari kunya ta hana ta magana, ɗan wuri kamu ɗaya ta kasa tsare masa. Wannan ita ce maganar da har yau take hana ni sakewa. Ni na yi ɓarna, ita ta ɗauki laifin ta aza wa kanta.

Na dawo na kira Alhaji na gaya masa gaskiya. Ya ce in yi abin da ya kamata. Na cire bututun, na tumɓuke ayabar, na fasa simintin da na ƙi fasawa tun farko na karkata ruwan yamma. Muka kira limamin unguwa aka gyara makwancin yadda addini ya tanada, aka zuba yashi mai tsabta. Aikin da na guje wa bai ma yi wahalar da na zata ba.

Na rubuto wannan ne saboda masu sana'a irin tawa, da magina, da masu jan bututun ruwa, da duk wanda ake buɗe wa ƙofa ya shiga cikin gidan mutane da kayan awo. Gidan da ka tarar ba fili ba ne, an rayu a cikinsa kafin ka zo, an yi dariya an yi kuka, kuma ba duka za a ba ka labari ba. Idan babba ya ce ka bar wuri bai faɗi dalili ba, kada ka ɗauka babu dalilin. Sau da yawa nauyinsa ne ya hana shi fita daga baki. Kada kuma ka zagaya ta bayansa ka nemo izini wurin wanda bai sani ba, kamar yadda na yi. Idan kuwa ka riga ka yi kuskuren, ka faɗa a ranar, ka sha kunyarka da zafinta, don wadda ka ɓoye wani ne zai biya ta a madadinka. An aika wa Hajiya cewa an gyara wurin, ta ce Allah ya saka da alheri, za ta zo idan ta ji ƙarfi. A Icirnawa ta rasu bara, ba ta sake kwana kusa da ɗan farinta ba.