Ƙwaron da ya so ya ci sunana

Ko na tsufa na manta kowa, ba zan manta ranar da aka tashi karrama ni da ƙwaro ba.

Wake nake sayarwa a Dogon Dutsi, kuma abin da ya riƙe ni a kasuwa shi ne an san buhuna ba ya da ƙwari. Ɗan ƙanwata kuwa karatun ƙwari ya je yi a Yamai. Da damina ya zo, na ba shi ɗaki da moto, wato babur, ya dinga zuwa garin Geceme yana tonon ruɓaɓɓen ganye. Waɗansu ƙananan ƙwari yake nema, ba su kai ƙwayar gero ba. Yakan sa su ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu yana ƙirga gaɓoɓin ƙahonsu, wai da haka ake gane dangin kowane. Ban fahimta ba, amma yaro ba sata yake ba, na bar shi.

Wata ranar kasuwa ya iske ni ƙofar mangaza, wato shagona, ga matan da ke sarin wake zaune. Ya ce da ƙarfi, “Kawu, na samu ƙwaron da ba a taɓa rubutawa ba! Sunanka zan sa mishi, duniya ta sani.”

Maƙwabcina mai siminti, abokin wasana, ya fashe da dariya. “Madalla! Yau mun gane uban ƙwarin garin nan.”

Na ga wata hajiya ta zare hannunta daga buhu. Yaron ya shiga rantsuwa cewa wanga ƙwaro ganye yake ci, bai san wake ba.

Na ce, “Ɗana, kai da madubinka kuka san haka. Hajiya ba ta da madubi.” Na nuna maƙwabcin. “Ga mai siminti nan, sa nashi. Ba ƙwaron da zai rage mishi ciniki.”

Matan suka yi dariya, hajiya ta mayar da hannu, aka auna wake.

Yaron ya ɗauki maganar da gaske. Yau mutumin nan ba baƙon da zai zauna wurinsa bai ji cewa sunansa na cikin littafin masana ba. Wani lokaci har haushi nake ji.

Abin da na koya shi ne, kafin ka girmama mutum, ka fara duba abin da yake sayarwa.